Jini daga dasashi: me ke kawo shi, kuma ya ake tsayar da shi

Dasashi mai lafiya baya jini, ko da buroshi ka goge shi ko da aswaki. Daga nan zamu fara, don mu nan Katsina abin ya zame mana jiki har mun daina lissafa shi cikin ciwo. Mutum zai tsaya bakin masallaci yana aswaki ya tofar da miyau jajir, ya sa takalmi ya rufe da ƙasa ya shige sahu, wani ya gatsi rake ko gwaiba ya ga jini daidai inda haƙorinshi ya shiga yace ai raken ne da tauri, mace ta goge baki da safe kumfar makilin ta fito ja-ja tace zafi ne ya yi mata yawa. Shekara da shekaru a haka.

Sannan kusan kowa abu ɗaya yake yi in ya ga jinin, sai ya riƙa kauce ma wurin, ya goge ko'ina ya bar nan don kar ya fama. To wallahi wannan lallaɓawar ita ke ciyar da ciwon gaba. Wurin da ke jini shi ya fi ko'ina buƙatar a goge shi, a hankali dai, amma kullum.

Abin da ke faruwa a gindin haƙori

Da yamma sa farcenka ka kankari gindin haƙori ɗaya, daidai inda ya haɗu da dasashi. Zaka ga wani farin abu mai laushi ya biyo farcen. Mutane na ɗauka ragowar tuwo ne, a'a, tarin ƙwayoyin cuta ne suka manne wuri ɗaya, abincin da ka ci dai shine cimarsu, musamman siga da kayan fulawa da lemon kwalba. Kowa na da shi, kuma ko ka goge tas cikin 'yan sa'o'i yake fara dawowa. In ya kwana biyu a wurin sai jiki ya turo jini don ya yaƙe shi, dasashi ya kumbura ya yi ja ya yi taushi, ƙananan hanyoyin jinin da ke ciki su cika su batse, ɗan taɓawa kaɗan sai su fashe. Jinin da kake gani kenan. Ba buroshi ne ya yanke ka ba, dasashin dama a kumbure yake.

In aka ƙyale dattin nan sai sinadaran cikin miyau su daskarar da shi ya zama dutse, rawaya ko ruwan ƙasa, masu cin goro da shan shayi da taba nasu har baƙi yake yi. Shi kam in ya riga ya kafu babu buroshi ko aswaki ko gawayin da zai fidda shi sai asibiti, ga jikinshi da kaushi, sabon datti sai ya ƙara samun wurin maƙalewa.

Matakin farko, wato kumburin dasashi kaɗai, yana warkewa sarai in aka gyara tsafta. Na biyun ne abin tsoro, inda kumburin ke gangarawa ƙasa ya fara cin nama da ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori. Ka san yadda ruwan damina ke zaizaye gindin katangar ƙasa, daga sama kana ganinta tsaye lafiya lau har ranar da zata kwanta, to haka abin yake. Haƙori fari tas, ba rami ba tsutsa, amma ya fara girgiɗi. Ƙashin da ya tafi kuma baya dawowa da kanshi, iyakaci a tsayar da ɓarnar inda ta tsaya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya suna da wannan mai tsananin, sama da mutum biliyan 1 kenan. Kuma galibi baya ciwo, shi ya sa dattijo zai wayi gari haƙori ya faɗo mashi yana cikin cin tuwo ace ai tsufa ne, alhali tun yana ɗan talatin dasashin ke mashi magana.

Kafin ka sayi komi, fara duba bakinka. Tsaya inda haske yake da madubi, ko wani ya haska maka fitilar waya, ka ja leɓen ƙasa. Dasashi mai lafiya a ɗame yake, ya kama haƙori gam, ɗan tsinin naman da ke tsakanin haƙora biyu siriri ne. Launi kar ya ruɗe ka, da yawanmu dasashinmu duhu ne ko dabbare-dabbare, halitta ce. Abin lura shine gefen ya yi ja yana ƙyalli, tsinin ya cika ya kumbura. Daga nan buɗe baki ka leƙa bayan haƙoran gaba na ƙasa, ɓangaren harshe, nan dutse ya fi taruwa saboda nan miyau ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin harshe, sai kuma turamen sama ta wajen kumatu. In ka ga dutse, ko haƙori ya ƙara tsawo don dasashi ya janye, ko giɓi ya buɗe inda da babu, ko ka danna ka ga mugunya, ko warin baki da baya jin wanki, to naka ya wuce gyaran gida kaɗai. Yi abin da zani faɗa amma ka haɗa da asibiti.

Aikin sati biyu

Fara da canza buroshi. Mutanenmu in sun je shago cewa suke a basu mai ƙarfi wai shi ke fidda datti, to dattin da muke magana laushi gare shi, baya buƙatar ƙarfi, dutsen kuma ko ka fi kowa ƙarfi ba zai fita ba, kaga ƙarfin nan dasashi kawai yake ci da gindin haƙori. Sayi mai laushi mai ƙaramin kai, ka shafa shi bisa bayan hannunka in ka ji yana karta aje shi. Wanda ke cikin kofi bakin taga gashinshi ya baje ya kwanta hagu da dama, a jefar dan Allah. Duk wata 3 ake canzawa, kuma ba a aron buroshi ko tsakanin miji da mata.

Yadda ake riƙewa ya fi komi muhimmanci. Karkata buroshin gashinshi ya kalli dasashi, ya zama rabi bisa haƙori rabi bisa gefen dasashi, ta yadda bakin gashin zai ɗan shiga tsakaninsu. Sai ka riƙa juya shi ƙananan zagaye, haƙora biyu zuwa ukku a lokaci guda, kana matsawa. Waje, sannan ciki ta ɓangaren harshe da ganɗa, sannan saman turame inda ake tauna. Bayan haƙoran gaba miƙe buroshin tsaye zaka yi don ya shiga. Ka riƙe shi da yatsu, ba ka dunƙule hannu kana dirzawa gaba da baya ba. Minti 2 cikakku, kuma ka duba agogon waya ko sau ɗaya ne, zaka sha mamakin yadda minti biyu ke da tsawo in kana tsaye da buroshi a baki, yawanci mutane ko rabin haka basa kaiwa.

Sau biyu a rana, kuma in ɗaya ce zata kuɓuce maka kar ta zama ta dare. In mutum ya yi barci miyau raguwa yake, ƙwayoyin cuta su samu dare guda ba mai wanke su, balle wanda ya rufe dare da shayi mai siga cokali huɗu da burodi a teburin mai shayi. Makilin kuma kowane iri ne in dai akwai fulorayid ciki, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, juya bayan ka duba, na manya tsakanin 1,000 da 1,500 ppm ake so, wato ma'aunin yawan fulorayid ɗin, yawanci zaka ga an rubuta 1450. Tsada ba ita ce ba. In ka ida ka tofar da kumfar kawai, kar ka bi da ruwa ka kurkure tas, ka bar sauran ya yi aikinshi. Da azumi ma abin baya da wuya, bayan sahur ɗaya, kafin barci ɗaya.

Kwanakin farko jinin zai ci gaba, wani ma ya ga kamar ya ƙaru tunda yanzu ne yake taɓa wuraren da ya daɗe yana gudu. Nan mutane ke karaya su koma gidan jiya. Ci gaba. In kumburin dasashi ne kawai, cikin sati guda zaka ga ya ragu, zuwa sati biyu ya ɗauke ko ya kusa.

Aswaki fa? Aswaki alheri ne, hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim kowa ya san shi, Manzon Allah (SAW) yace ba don kar ya tsananta ma al'ummarshi ba da ya umarce su da aswaki a kowace salla, kuma wanda ya iya yinshi da kyau yana fidda datti sosai. Matsalar yadda muke yi ce. Zaka ga bawan Allah da busasshen icce a baki tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Soro yana dirzar haƙoran gaba guda huɗu, turame basu san ana yi ba, cikin haƙora bai san ana yi ba, su kuma na gaban dasashinsu har ya janye don dirza. Ko saiwar aswakin da ake saidawa bakin masallaci ce, ko reshen bedi ko marke, ɓare bakin kaɗan ka tauna har ya yi laushi ya baje, in ya bushe jiƙa shi cikin ruwa tukuna. Goge daga dasashi zuwa bakin haƙori, ba a kwance ba. Ka riƙa yanke bakin da ya tsufa kana sabuntawa, kuma a daina cusa shi aljihu ɗaya da kuɗi da makulli. Tunda gashinshi a miƙe yake da iccen, kai shi bayan haƙora da can ƙuryar turame wuya gare shi, shi ya sa ni a ganina a haɗa biyun, aswaki da rana lokutan salla, buroshi safe da dare.

Sai tsakanin haƙora, inda buroshi baya shiga kuma nan ciwon ya fi farawa. Mu masu son tsire da balangu da kilishi mun san yadda zaren nama ke maƙalewa a turmi, sai a kama neman tsinken tsintsiya, ashana, allura, fil ɗin mayafi, gefen katin waya, duk abin da hannu ya kai. Waɗannan soke dasashi suke, yau da gobe su danne tsinin naman ramin ya ƙara faɗi, nama ya ƙara samun wurin shiga. Akwai zaren sakace da ake saidawa a manyan kemis da kantuna. Yanko kamar daga yatsa zuwa gwiwar hannu, naɗe a yatsun tsakiya, ka zura shi a hankali kana ɗan ja gaba da baya har ya wuce, kar ka danna da ƙarfi ya faɗa ma dasashi. In ya shiga lanƙwasa shi ya rungumi haƙori ɗaya ka goga sama da ƙasa, sannan ɗayan. Sau ɗaya a rana ya isa, da dare. Ka sansana zaren bayan ka fiddo shi daga turame, zaka gane inda warin baki ke fitowa. Mai faɗin giɓi kuma akwai 'yan ƙananan buroshi na tsakanin haƙora, sun ma fi zare aiki a wurinshi. In tsinken sakace kaɗai gare ka to ka bi gefen haƙori da shi a hankali, kar ka caka.

Ruwan gishiri yana taimakawa. Rabin ƙaramin cokali cikin kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ka guntsa ka kurkure kamar daƙiƙa 30 ka zubar, sau biyu ko ukku a rana. Yana kwantar da kumburi, amma baya maye gurbin gogewa, kuma mai hawan jini kar ya haɗiye. In kumburin ya yi yawa har buroshi baya taɓuwa akwai ruwan kurkure baki mai kulohekzidin, irin su Corsodyl, safe da dare. Shi yana kashe ƙwayoyin cutar da gaske, sai dai kar a wuce sati biyu ba tare da likita ya sani ba, don yana rina haƙori da harshe su yi ruwan ƙasa kuma yana canza ɗanɗanon abinci. A bar kamar minti 30 tsakaninshi da makilin, in ba haka ba makilin na rage mashi ƙarfi.

In kuma jini ne ke zuba yanzu-yanzu, samu bandeji ko ƙyalle mai tsafta ka jiƙa da ruwan sanyi ka danne wurin minti 10 ba ɗagawa ba leƙawa. Jiƙaƙƙen ganyen shayi na cikin 'yar jaka, irin Lipton, shima yana yi. Kar ka yi ta kurkurewa kana tofarwa, duk kurkura ɗaya wanke gudan jinin da ya fara toshe wurin kake yi. In an kai rabin awa ana dannewa bai tsaya ba a tafi asibiti.

Abubuwan da nake roƙo a bari: dirza dasashi da gawayi ko toka ko ɗanyen gishiri wai mugun jini ya fita. Babu wani mugun jini, rauni kake ƙara ma rauni, gawayin kuma kankare fatar haƙori yake yi. Ɗora ƙwayar asfirin ko garin Alabukun bisa dasashi yana ƙona naman ya yi fari ya saɓule. Turare, fetur, ruwan batir, waɗannan ko maganarsu bata da daɗi amma ana yi. Lemon tsami don haƙori ya yi fari, tsaminshi cin haƙori yake, ruwan kwalbar nan da masu lasifika ke tallatawa ranar kasuwa kuma ba wanda ya san me ke ciki. Kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, iyakarshi kenan. Sai uwa uba shiga kemis a amshi Flagyl da Ampiclox duk sanda aka ga jini. Zai lafa kwana kaɗan ya dawo, tunda dattin da dutsen suna nan inda suke, kai kuma ka koya ma ƙwayoyin cutar jikinka jure magani.

Maganar abinci. Da ka ce dasashinka na jini wani zai ce ai ƙarancin bitamin C ne, sayi ƙwaya ka tsotsa. Gaskiya ne rashinshi na sa dasashi ya kumbura ya yi ta jini, shine ciwon da ya riƙa kashe matuƙan jiragen ruwan Turawa a da, har wani likita James Lind ya gwada basu lemo a 1747 suka warke. Amma sai mutum ya yi wata ɗaya zuwa ukku kusan baya samunshi sam kafin ya kai haka, mafi yawan masu jinin dasashi datti ne ba yunwa ba. Duk da haka akwai gidajen da tuwo da miyar busasshen ganye ne safe da dare wata da watanni, ga tsofaffi da basa iya tauna, su kam a duba wannan. Babba na buƙatar wajen miligiram 75 zuwa 90 a rana, gwaiba ɗaya ta biya, lemon zaƙi ɗaya ya kusa. Ga mangwaro in lokacinshi ya yi, gwanda, ɗanyen tumatir da tattasai da kabeji da ke cika kasuwa lokacin noman rani, kwaɗon zogale. Garin ɗan kuka, farin nan na cikin ƙwallon, yana da shi da yawa, a dama da ruwan sanyi ko a zuba a fura. Ba miyar kuka nake nufi ba, ita ganye ne da aka shanya aka daka aka tafasa, kuma wuta da shanya suna kashe bitamin C. Ɗanyen ganye irin alayyafo da zogale da rama kuma su ke bada bitamin K da jini ke buƙata wajen daskarewa.

Waɗanda nasu da wani dalili a ƙasa

Mai juna biyu. 'Yar'uwa in kin ga dasashinki ya fara jini daga wata na biyu ko na ukku yana ƙaruwa, sinadaran ciki ne suka sa ɗan datti kaɗan ke tada babban kumburi, wata ma har wani ɗan tsiro ja ke fito mata tsakanin haƙora, yawanci ya baje bayan haihuwa. Maganar wai ciki ke zuƙe haƙori, kowane ɗa da haƙorin da zai ci, ba haka bane, laulayi ne ke hana gogewa ga kwaɗayin zaƙi. In kin yi amai kurkure da ruwa ki jira rabin awa kafin buroshi. Wankin haƙori a asibiti baya cutar da ciki, tsakanin wata 4 zuwa 6 ya fi sauƙin zama bisa kujerar. In kin je awo, Asibitin Turai 'Yar'aduwa ne ko na unguwa, ki faɗa ma malamar awo.

Mai ciwon suga shi da ciwon dasashi jan juna suke, suga in ya hau dasashi ya lalace da wuri kuma ya ƙi warkewa, kumburin dasashin shima ya hana suga sauka. Wanda ya haura arba'in yana fama da ƙurajen dasashi suna fashewa suna dawowa, ga ƙishirwa ga yawan fitsarin dare, ya je a ɗiga jinin yatsa a auna, ko bai taɓa jin yana da shi ba.

Magunguna ma suna ciki. Masu tsinka jini irin asfirin, da Vasoprin da ake ba masu hawan jini da ciwon zuciya, da wafarin, suna sa ɗan rauni ya yi ta zuba. Amlodifin da nifedifin na hawan jini, da fenitoyin na farfaɗiya, su kuma a wasu mutane sa dasashi suke ya yi kauri ya fara hawa bisa haƙori. Alhaji kar ka aje maganin hawan jininka don wannan, shanyewar ɓarin jiki ta fi jinin dasashi nesa ba kusa ba, koma wurin likitan da ya rubuta ka nuna mashi, akwai canji.

Masu sigari da shisha da tabar gari nasu a juye yake. Taba na matse hanyoyin jini, sai dasashi ya ƙi jini alhali ƙashi na ci a ƙasa fiye da na kowa. Shi ya sa wanda ya bar taba zai iya ganin jini ya ɓullo bayan 'yan makonni yace gara da, a'a, da can ɓoye yake. Da hunturu kuma masu barci baki buɗe saboda toshewar hanci dasashin gabansu bushewa yake ya yi ja, a nemi maganin hancin.

Inda ba a jiran sati biyu

In maciji ya sari mutum, musamman kububuwa, ko wurin saran bai nuna wani abin tashin hankali ba, sai bayan sa'o'i aka ga jini na tsattsafowa daga dasashi, to dafin ya hana jini daskarewa kenan kuma yana iya zuba a ciki inda ido baya gani. Ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Can zasu ɗibi jini a kwalbar gilashi su aje minti 20 su gani ko zai daskare. Manoma da masu kiwo a ƙauyukanmu su riƙe wannan, musamman lokacin shuka da girbi.

Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro da kasala, sannan jini daga dasashi ko hanci, ana tsoron Lassa, ta fi yawa da rani. Asibiti kai tsaye, kuma masu jinya kar su taɓa jinin da hannu tsirara. Haka jinin da ke zuwa shi kaɗai ba an taɓa ba, tare da haɓo, ko tabon taruwar jini a fata ba a buge ba, ko jajayen ɗigo-ɗigo, mutum ya yi fari yana haki. Wannan daga jinin ne kanshi, ƙwayoyin daskarar da jini sun yi ƙasa, ko ciwon hanta, ko sankarar jini. Gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini da ake ce ma FBC shi ake fara yi kuma baya ɗaukar lokaci.

Yara kuma, iyaye mata ku ji wannan da kyau. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani, in dasashinshi ya fara jini da gyambo, bakin na wari sosai, miyau na dalala, kumatu ya fara kumbura, wannan na iya zama cutar da ake ce ma noma, mai cin naman baki da fuska. Cikin kwanaki take huda kumatu, kuma in ba a yi magani ba tana kashe har kusan 9 cikin 10. Amma in an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan cuta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ku riƙa ɗaga leɓen yaro mara lafiya kuna dubawa. Lafiyayye kuma a fara goge mashi tun haƙorin farko, makilin ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa kafin shekara 3, daga nan kamar ƙwayar wake.

In sati biyu sun cika jini bai tsaya ba, ko dama ka ga dutse tun farko, sai sashen haƙori. Akwai a Asibitin Koyarwa na Tarayya da har yanzu muke ce ma FMC, akwai kuma a wasu manyan asibitocin gwamnati da masu zaman kansu, kace wankin haƙori ka zo. Tafi da ledar magungunan da kake sha, ka faɗi in kana da suga, hawan jini, ciwon zuciya, sikila, ko in ciki gare ki. Kar a kai baki wurin masu cire haƙori na bakin kasuwa, ƙarfen da ya shiga bakin wani ba a dafa shi ba hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau.

Wankin haƙori a asibiti da wata na'ura ake yi mai siririn baki, tana kaɗawa da sauri tana fesa ruwa, dutsen ya riƙa ɓantarewa. Ƙararta ta fi zafinta, rabin awa zuwa awa ɗaya an gama. In ciwon ya yi zurfi zasu auna ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi, su ɗauki hoto su ga ƙashi, su yi allurar kashe zafi su kankare har ƙasa, wani lokaci sai an yi zuwa biyu ko fiye.

Zaka ji ana cewa wankin haƙori na sassauta haƙora yana buɗe giɓi, wai wane ya je aka lalata mashi baki. Abin da ya faru shine dutsen ne ya cike gurbin naman da ƙashin da suka riga suka tafi, ya manne haƙoran da juna, da aka ɗauke shi sai ɓarnar da ke ƙasa ta fito fili. Barinshi kuma ci gaba da cin ƙashin zai yi. Bayan wankin zaka ji haƙora na tsami in ka sha ruwan sanyi ko iska ta shiga, na 'yan kwanaki ne zuwa sati ɗaya ko biyu, ka sha ruwan randa maimakon na firij, ka samu makilin masu sanyin haƙori irin Sensodyne, ka ci gaba da ruwan gishiri da buroshi mai laushi tun daren ranar ko da ɗan jini. Komawa duk wata 6 ne, wanda ciwon ya riga ya taɓa ma ƙashi kuma likita kan ce duk wata 3.